Laburaren Da Bai Rufe Ƙofa Ba: Tarihin Ɗakin Aron Littattafai Na Yahudawan Vilna

Ranar Lahadi 13 ga watan Disamba na shekarar 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, waɗansu mutane da aka killace a wata 'yar unguwa cikin birnin Vilna suka taru suka yi biki. Abin da suke murna a kai shi ne, laburaren unguwarsu ya cika ba da aron littafi sau 100,000 cikin wata goma sha biyar. Masu bikin nan Yahudawa ne. A lokacin sojojin Hitila sun riga sun kashe fiye da rabin 'yan'uwansu na wannan birni, sauran kuma suna kwana suna tashi da yunwa da sanyi da fargaba. Duk da haka kowace safiya sai ka ga layi a ƙofar laburare, wannan ya kawo littafin da ya gama, wancan yana neman wani sabo.

Mai karatu na Kankiya ko Kusada zai iya tambaya, ina ruwanmu da wani gari mai nisa a ƙasar ƙanƙara? Amsar ita ce, mu ma mutanen littafi ne, kuma mun san aro. Tun kafin zuwan injin buga littattafai, malamai a ƙasar Katsina sukan ari littafi daga hannun juna, a sa shi cikin gafaka, a kwafe shi da alƙalami da tawada, sa'an nan a mayar wa mai shi. Labarin Vilna labari ne na wannan amana ta aro da mayarwa, da yadda wata al'umma ta riƙe ta har bakin kabari.

URUSHALIMA TA LITUWANIYA

Vilna, wanda a yau ake kira Vilnius, shi ne babban birnin ƙasar Lituwaniya a gabashin Turai. Gari ne da ya sha canjin iyayen gida. Ya zauna ƙarƙashin sarakunan Rasha daga 1795 har zuwa Yaƙin Duniya na Farko, ya koma hannun Folan tsakanin yaƙe-yaƙen biyu, Tarayyar Sobiyat ta haɗiye shi a 1940. Kafin yaƙi na biyu Yahudawan garin sun kai kimanin 60,000.

Saboda yawan malamai da makarantu da majami'u, ana yi wa garin kirari da Urushalima ta Lituwaniya. A nan ne shahararren malamin nan Eliyahu, wanda ake kira Gaon na Vilna, ya rayu daga 1720 zuwa 1797. A nan ne kuma maɗaba'ar iyalin Romm ta buga Talmud, wato babban kundin bayanin Attaura da shari'ar Yahudawa, tsakanin 1880 da 1886, kuma tsarin shafukan wannan bugu shi ake bi har yau. Mutanen garin suna addu'a da karatun addini da Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari, amma a gida da kasuwa suna magana da wani harshe mai suna Yidish.

WASIYYAR ATTAJIRI

Akwai wani attajiri kuma malami a garin mai suna Mattityahu Strashun, wanda aka haifa a 1817. Allah ya ba shi dukiya da ilimi, amma bai ba shi haihuwa ba. Ya ƙare rayuwarsa yana sayen littattafai, har da waɗanda aka buga tun farkon ƙirƙiro injin bugu a Turai. Da ya rasu a 1885, sai ya bar wasiyya cewa littattafansa, sama da 5,000, su zama na jama'ar garin baki ɗaya.

An buɗe wannan taska ga jama'a a 1892, daga baya kuma a farkon ƙarni na ashirin aka gina mata ɗakinta na kanta a harabar Babbar Majami'a. Sauran malamai da masu hali suka yi koyi da Strashun, suna barin nasu littattafan ga wannan ɗaki, har suka kai dubbai masu yawa. Wani bawan Allah mai suna Khaykl Lunski ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana kula da wurin. Waɗanda suka ga ɗakin da idonsu kafin yaƙi sun ba da labarin yadda tsoho mai farin gemu yake zaune yana duba Talmud, a gefensa kuma saurayi ko budurwa 'yan boko suna karatun tarihi ko kimiyya, duk a kan tebur ɗaya. Wani lokaci kujeru kan ƙare, sai mutum ya tsaya a waje yana jiran wani ya tashi.

To, amma laburaren Strashun wurin zama a yi karatu ne, ba a fita da littafi. Tela da ke kan keke tun safe har dare, da matar da ke fama da yara da girki, ba su da lokacin zuwa su zauna. Su abin da suke bukata shi ne littafin da za su kai gida.

LABURAREN TALAKA

Wannan bukata ce wata ƙungiya mai suna Mefitse Haskalah, ma'ana masu yaɗa wayewa, ta biya. A wajajen 1910 aka kafa laburarenta na aro, wanda ya zauna a gida mai lamba 6 a kan titin da aka raɗa wa sunan Strashun. Kada mai karatu ya rikice: laburare biyu ne daban, ɗaya yana ɗauke da sunan attajirin, ɗaya kuma yana kan titin da ke ɗauke da sunansa. Kafin yaƙi na aron nan ya tara littattafai kimanin 45,000, da Yidish da Ibrananci da Rashanci da harshen Folan da sauransu. Akwai labaran ƙirƙira, da tarihi, da waƙoƙi, da littattafan yara.

Tsarin laburaren aro ba shi da wuya. Mutum ya ba da sunansa a rubuta, a ba shi kati. Ya zaɓi littafi, a rubuta ranar da ya ɗauka da ranar da zai mayar. In ya mayar, a ba shi wani. Da haka littafi guda kan ratsa gida hamsin ko ɗari kafin ya tsufa. Jarin irin wannan wuri gaba ɗaya shi ne amana, domin ranar da masu aro suka daina mayarwa, ranar ce laburare ya mutu, ko da gininsa na nan tsaye.

ZUWAN JAMUSAWA

Sojojin Jamus sun shiga Vilna ranar 24 ga Yuni, 1941. Ba a daɗe ba aka fara kwasar Yahudawa zuwa dajin Ponar, kimanin kilomita goma daga gari, inda akwai manyan ramuka da Rashawa suka haƙa don ajiyar man fetur. A bakin waɗannan ramuka Jamusawa da 'yan korensu daga cikin mutanen ƙasar suka riƙa harbe mutane. Kafin yaƙi ya ƙare an kashe Yahudawa kimanin 70,000 a wannan wuri, na Vilna da na garuruwan kewaye.

Ranar 6 ga Satumba, 1941, aka kora sauran Yahudawan garin cikin unguwanni biyu da aka kewaye da katanga, abin da ake kira geto. Ƙaramar unguwar an share mutanenta cikin watan Oktoba. Babbar kuwa, 'yan tituna ne ƙalilan, mutane cunkushe kamar an zuba gero a buhu. Sai aka yi dace, gida mai lamba 6 na titin Strashun ya faɗo cikin katangar.

Cikin waɗanda aka killace akwai Herman Kruk, wanda dā shi ne shugaban wani babban laburaren ma'aikata a birnin Warso, ya gudo Vilna a 1939 lokacin da Jamus ta auka wa Folan. Kwanaki kaɗan bayan rufe geto, Kruk ya nemi izinin shugabannin Yahudawan unguwar, ya share ƙura, ya sake buɗe laburaren. Shi kansa ya yi mamakin abin da ya biyo baya. A rahoton da ya rubuta ya nuna cewa ranar 1 ga Oktoba, 1941, wadda ta dace da babbar ranar azumi da kafara ta Yahudawa, an kwashe mutane dubbai zuwa Ponar. Washegari aka ari littattafai kusan 400 a laburaren.

Bayan kashe-kashen 1941, waɗanda suka rage a geto ba su wuce kimanin 20,000 ba. In aka raba aro 100,000 a kansu, kamar kowane rai, har da jarirai, ya ari littafi biyar ke nan.

ME SUKE KARANTAWA?

Kruk mutum ne mai son lissafi, saboda haka ya riƙa ajiye ƙididdigar abin da ake ara. Haka ma wata ma'aikaciyar wurin, Dina Abramowicz, wadda ta tsira da ranta, ta rubuta abin da ta gani. Daga bayanansu mun san cewa mafi yawan masu aro labaran soyayya da na 'yan sanda da ɓarayi suke nema, abin da zai ɗauke hankalin mutum daga halin da yake ciki ko da na sa'a guda ne. Yara kuwa ba su ƙoshi da labaran tafiye-tafiye da kasada.

Akwai kuma waɗanda suke neman abin da zai fassara masu halin da suke ciki. Waɗannan sukan nemi babban littafin Tolstoy a kan yaƙin Nafoliyon da Rasha, da littafin Remarque a kan Yaƙin Duniya na Farko, da kuma littafin Franz Werfel a kan Armeniyawan da suka hau dutsen Musa Dagh a 1915 suka ƙi miƙa wuya ga masu neman hallaka su. Wannan na ƙarshe matasa sun yi ta karɓa hannu da hannu.

Littattafai suka yi ta tsufa saboda yawan hannu, bango ya cire, shafuka su zube, sai aka buɗe sashen ɗinki da gyara a cikin ginin. An kuma buɗe ɗakin zama a yi karatu, wanda ga mutanen da ke kwana goma-goma a ɗaki ɗaya ya zama wurin da kaɗai za a sami shiru. Wani abin tausayi shi ne littattafan da ba su dawo ba. A laburaren da aka saba, littafin da ya wuce lokaci alama ce ta sakaci. A nan kuwa sau da yawa alama ce cewa an tafi da mai aron Ponar.

Wani yaro ɗan shekara goma sha biyar mai suna Yitskhok Rudashevski ya halarci bikin nan na 13 ga Disamba, ya kuma rubuta farin cikinsa a littafin da yake ajiye labarin kwanakinsa. An kashe shi a 1943, amma wata 'yar'uwarsa ta tsinci littafin daga baya, an kuma buga shi.

RUNDUNAR TAKARDA

A wajen katanga kuma wani yaƙin ake yi da littattafai. Gwamnatin Nazi tana da wata hukuma ƙarƙashin Alfred Rosenberg wadda aikinta shi ne wawashe taskokin ilimi na ƙasashen da aka ci. Wanda ta turo Vilna, Johannes Pohl, mutum ne da ya taɓa zama Fada a cocin Katolika, ya kuma yi karatun Ibrananci da Littafi Mai Tsarki a Urushalima, kafin ya ajiye aikin ya bi Nazi. Ilimin da ya samu don fahimtar Nassi, shi ya yi amfani da shi wajen zaɓen abin da za a sace. Wannan abin tunani ne ga duk wanda ke zaton karatu kaɗai yana gyara zuciya.

Aka tara littattafan laburaren Strashun da na majami'u da na cibiyar binciken Yidish mai suna YIVO, wadda aka kafa a 1925. Aka tilasta wa waɗansu Yahudawa masu ilimi, kimanin arba'in, su tantance su. Umurnin shi ne, kashi 30 cikin ɗari a aika Farankfot a Jamus, kashi 70 kuma a kai masana'antar takarda a niƙe. Cikin waɗannan ma'aikata akwai Kruk, da malami Zelig Kalmanovich, da mawaƙa biyu, Abraham Sutzkever da Shmerke Kaczerginski. Mutanen geto suka yi masu laƙabi da Rundunar Takarda, da farko cikin zolaya, domin sauran masu fita aiki dankali da burodi suke ɓoyowa a jiki, su kuwa takardu.

Kowace yamma sukan naɗe rubuce-rubuce masu daraja a ƙirji da ƙugu da cikin takalma, su bi ta ƙofar geto inda ake laluben mutane, alhali wanda aka kama da kayan da aka hana yana iya rasa ransa. Sutzkever har ya samo takardar izinin ɗaukar tarkacen takarda don hura wuta a gida, ya riƙa fakewa da ita yana shigo da wasiƙu da rubutun hannu na manyan marubuta. Suka binne kayan a ramuka da cikin bango da wani ɗakin ɓuya mai zurfi a ƙarƙashin ƙasa.

MATAR DA TA ZO BIN BASHIN LITTAFI

Akwai wata mata, ba Bayahudiya ba, mai suna Ona Simaite, ma'aikaciyar laburare a Jami'ar Vilnius. Ta je wurin hukuma ta ce akwai ɗalibai Yahudawa da suka ari littattafan jami'a ba su mayar ba, tana neman izinin shiga geto ta karɓo. Jamusawa masu son bin ƙa'ida suka ba ta. Da wannan hujja ta yi ta shiga da fita, tana kai abinci da magani da wasiƙu, tana fitowa da takardun tarihi, tana kuma nema wa waɗansu mafaka a cikin gari. An kama ta a 1944, aka azabtar da ita, aka tura ta sansanin Dachau. Ta rayu har 1970, kuma a 1967 ƙasar Isra'ila ta sa sunanta cikin jerin waɗanda suka sayar da ransu don ceton Yahudawa.

ƘARSHEN GETO

Ranar 23 ga Satumba, 1943, Jamusawa suka rushe geto. Aka tura waɗansu sansanonin aikin bauta a Estoniya da Latbiya, waɗansu sansanonin kisa, waɗansu Ponar. Sutzkever da Kaczerginski sun riga sun sulale daji sun shiga cikin 'yan sari-ka-noƙe. Kruk kuwa an kai shi Estoniya, inda ya ci gaba da rubutu a ɓoye. Ranar 17 ga Satumba, 1944, ya binne rubutunsa na ƙarshe a gaban shaidu a sansanin Lagedi. Washegari aka kashe shi, gab da isowar sojojin Rasha. Ɗaya daga cikin shaidun ya tsira, ya tono takardun. An buga littafin Kruk da Yidish a 1961, da Turanci kuma a 2002.

Da sojojin Sobiyat suka karɓi Vilna a watan Yuli na 1944, mawaƙan nan biyu suka dawo suka fara tono abin da suka binne, suka kafa gidan tarihi. Ba da daɗewa ba suka gane cewa sabuwar gwamnati ma ba ta ƙaunar waɗannan takardu, sai suka sake fitar da abin da za su iya a ɓoye zuwa Niyu Yok, inda YIVO ta koma. Littattafan da aka kai Jamus kuwa, sojojin Amurka suka gano su, kuma a 1947 aka aika akwati 420 zuwa YIVO, cikinsu har da littattafan Strashun masu yawa.

A ƘARƘASHIN COCI

A 1949 gwamnatin Stalin ta rufe gidan tarihin Yahudawa na Vilna. Abin da ya rage ya faɗa hannun Antanas Ulpis, wani ɗan Lituwaniya shugaban ma'ajiyar littattafai ta ƙasa, wadda aka ajiye a Cocin Saint George bayan gwamnatin kwaminis ta ƙwace ginin daga masu ibada. Maimakon ya bari a niƙe su, sai ya cusa su cikin tarin sauran takardu a lungunan cocin da ƙarƙashinsa, ya yi shiru. Ya rasu a 1981, sai a ƙarshen shekarun 1980 asirin ya fito fili. A 2017 kuma aka sanar da gano waɗansu shafuka 170,000 daga cikin abin da ya ɓoye. Tsakanin 2015 da 2022, YIVO da hukumomin Lituwaniya suka ɗauki hoton shafuka fiye da miliyan 4 na Vilnius da na Niyu Yok suka haɗe su a intanet, yadda mai kwamfuta ko waya a ko'ina zai iya dubawa. Babbar Majami'a da ɗakin Strashun an rushe su a shekarun 1950. Titin Strashun kuma yanzu sunansa Zemaitijos.

MU FA?

Irin wannan labari ya taɓa faruwa kusa da mu. A 2012, da 'yan bindiga suka mamaye Tambutu a ƙasar Mali, Abdel Kader Haidara da iyalai masu taskokin rubuce-rubuce suka loda littattafan kakanninsu cikin akwatunan ƙarfe, suka fitar da su a motoci da kwale-kwale zuwa Bamako. Waɗanda ba a samu fitarwa ba, an ƙone dubbai daga cikinsu a watan Janairu na 2013.

Amma a yawancin garuruwanmu ba soja ke cinye littafi ba. Gara ce, da ɗigon rufi da damina, da ɓera, da mai ƙosai da ke neman takardar naɗi, da kuma ɗan'uwa wanda ya ara ya ce gobe zai kawo, goben da ba ta zuwa. Sau nawa malami ko tsohon ma'aikaci ya rasu ya bar akwati cike da littattafai, magada suka raba gona da gida, suka bar akwatin a zaure har ya zama gari?

Kuma ba za a ce mutanenmu ba su son karatu ba. Ƙasar da ta ga buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda Abubakar Imam mai Magana Jari Ce ya yi karatu, ba baƙuwar littafi ba ce. A shekarun 1990 an ga yadda shagunan hayar littattafan Hausa suka bunƙasa a Kano da sauran garuruwa, mata a cikin gida suna aiken yara su karɓo su mayar a kan 'yan kuɗi kaɗan. Wannan shi ne laburaren aro, sai dai ba a kira shi da sunan ba.

Abin da Strashun ya yi bai fi ƙarfin wani mai hali a Kankiya ko Kusada ba: ya rubuta cewa littattafansa na jama'a ne. Abin da Kruk ya fara da shi ma bai wuce ɗaki ɗaya da kanta da littafin rajista da mutum mai amana ba. Makaranta ko ƙungiyar matasa ko ta mata ko ta tsofaffin ɗalibai, Musulmi da Kirista, kowace na iya samar da waɗannan. Sauran aikin yana wuyan mai aro. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Duk wanda ke da littafin wani a ƙarƙashin katifa, ya daure ya kai masa a wannan mako, domin akwai mai jiran sa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.